Malama Kulu da Ƙurajen Waken Babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye bakin murhu waya ta yi ƙara. Luba ce, ƙawata tun aji ɗaya na sakandare. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Balki, Malama Kulu ta riga mu gidan gaskiya."

Na zauna a ƙasa, nan inda nake.

Waɗanda suka san ni a shafin nan sun san ba na rubutu. Ina karanta na mutane in wuce. Yau dai ba zan iya wucewa ba, don haka ku yi haƙuri in ya yi tsawo.

Malama Kulu ce ta koya mana Bayoloji a makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, lokacin da jiha take sabuwa. Daga Sakkwato aka turo ta, cikin ma'aikatan da suka yi ta tahowa da kayansu a bayan manyan motoci. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai ƙarar dariya. Kullum gefen mayafinta da ƙurar alli, kullum ƙasan takalminta da laka, domin ta fi zama a lambun makaranta fiye da ofis.

Ni kuwa 'yar masunta ce daga Argungu. Ina zaune wajen Gwaggona a Gwadangaji, daga nan nake zuwa makaranta. A aji kujerar baya nake zama, jikin bango. In malami ya yi tambaya nakan san amsa, amma ba na ɗaga hannu.

Malama ba ta taɓa tsayar da ni gaban aji ba. Sai dai ta zo wucewa ta sunkuyo ta ce, "Raɗa min, ni in sayar musu." In na raɗa sai ta miƙe ta ce, "Balkisu ta ce kaza, kuma daidai ne." Haka 'yan aji suka san ina da murya.

Wata rana ta ga na zo da takalmi tsinkakke. Washegari ta ce in rako ta ɗaukar kaya, muka bi ta wajen mai gyaran takalmi kamar hanya ce ta biyo da mu.

Ita ce ta ba ni aikin kula da fangalin wake na ajinmu. Ta ce shuka ba ta bukatar a yi mata surutu, don haka aikin ya dace da ni.

Akwai darasi ɗaya da duk wadda ta yi aji da mu ba za ta manta ba. Ta kai mu lambu ta tuge wake ɗaya, ta wanke saiwar a bokiti, ta ɗaga. Sai ga wasu 'yan gudaji maƙale a jikin saiwar, kamar an jera ƙananan duwatsun wuya.

Luba ta ce, "Tir, Malama, ƙuraje gare shi!"

Malama ta ce, "Ƙurajen gidanku. Ɗakunan baƙi ne."

Ta ce a cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya. Wake yakan aika musu da ƙamshi ta saiwa, kamar mai cewa bismillah. Su kuma su amsa su shigo, shi kuma ya gina musu ɗaki ya riƙa ba su abinci daga abin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Su kuwa tsarabar da suke zuwa da ita babba ce. Iskar da muke shaƙa cike take da naitirojin, abin da shuka ke nema a taki, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Baƙin nan ne suke kama shi su mayar da shi abin da wake zai iya ci.

Sai ta sa mu yi wasan kwaikwayo. Luba ta zama wake don ta fi kowa tsawo, wasu suka zama baƙi, wasu iska suna ta zagaye suna fuu fuu. Firinsifal ta leƙo ta taga ta girgiza kai ta koma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninta kan kayan aikin baƙon. Ta ce a jikinsa akwai abin da ake kira enzayim, su ne tukwane da muciyoyinsa. Wasu na sarrafa abincin da wake ya ba shi don ya sami ƙarfi, ɗaya kuma, babbansu, shi ne mai kama naitirojin. Kowane ɗaya akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin sa, kamar yadda yarinya ke gadon girki wajen uwarta. In ƙwayar gado ɗaya ta lalace, baƙo zai iya shiga ɗaki ya zauna amma ba ya iya girka komai.

"Irin baƙon nan dai da kuka sani," in ji ta, "mai zuwa lokacin cin tuwo, shi tashi lokacin wankin kwano."

Ta ce babban enzayim ɗin nan kuma ba ya son iskar oksijin ta yi masa yawa, da ta buge shi sai ya daina aiki. Shi ya sa wake ke yin wani jan abu mai kama da na jininmu a cikin ɗakin, ya riƙe oksijin ɗin, ya riƙa sakin kaɗan-kaɗan. Ta sa akaifa ta raba guda ɗaya biyu ta zagaya da shi. Cikinsa ja ne.

"In kun ga ja, ana aiki. In kun ga fari ko toka-toka, babu abin da ake yi."

Da ta iso kaina ta ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Kin gani? Akwai masu babban aiki da ba su son a buɗe musu ƙofa da yawa."

To, a wannan daminar ce Babana ya fara noma.

Kakanninmu duk kan ruwa suka rayu. Baba ya san Gulbin Rima kamar tsakar gidansa, amma bai taɓa riƙe fartanya ba. Kifi ya yi ta raguwa a wajenmu, har 'yan'uwansa suka fara maganar bin ruwa su yi kudu, can nesa inda ake kafa bukka a bakin gaɓa a yi watanni, wani lokaci shekaru. Baba bai so tafiya ba. Sai wani abokinsa ya ara masa gona a tudu, ya shuka wake.

Manoman unguwa suka sami abin wasa. In ya fito da fartanya a kafaɗa sai su ce, "Mai taru, yau wane kifi za a kamo cikin kunya?" Wani ya ce ya kula kada waken ya tsere masa cikin ruwa. Wasa ne da ke tsakanin masunta da manoma tun da, shi ma yakan rama. Amma saboda wannan ya ƙudura ko me zai gani a gonar ba zai tambaye su ba.

Na je gida wani ƙarshen mako a tsakiyar damina, na tarar Inna na ɗaure tukwane. Ta ce wake ya kamu da ciwo. Wani gefe na gonar ya yi rawaya, Baba ya tuge ya ga ƙuraje a saiwa. Ya je gefen da ke kore shar ya tuge, ya ga na nan sun ma fi yawa. Shi a saninsa, kifin da ya yi ƙuraje zubar da shi ake yi kafin ya ɓata sauran. Don haka ya yanke shawarar ranar Asabar mai zuwa zai tuge waken duka ya ƙone, kada ya bar wa mai gona ciwo a ƙasarsa. Daga nan mu bi jiragen su Baffa Manu, ƙaninsa, mu yi kudu.

Na ce, "Har da ni?"

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wa za shi taya ni banda? Ni kaɗai ba ni iya ƙyafe kifin maza biyu. Ki koma ki yi wa Gwaggonki sallama."

Can inda za mu babu makaranta.

Zuciyata ta ce, ai ɗakunan baƙi ne. Amma ni 'yar fari ce. Waɗanda suka tashi a irin gidajenmu sun san abin da nake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana so in kawo ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," ko da daga ni sai shi a tsakar gida. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na san yana sona. Shi ne ma ya tsaya aka sa ni makaranta. Amma in tsaya gabansa in ce, Baba ka yi kuskure? Ko a mafarki ban taɓa yi ba.

Na gwada gaya wa Inna. Ta ce, "Ke da ko kunya ɗaya ba ki taɓa nomewa ba?"

Na koma Birnin Kebbi na yi ta juya abin har ranar Juma'a. Bayan an tashi na sami Malama a lambu, na miƙa mata bokitin ban ruwa, na ce ta ba wata.

Ta ce, "Me fangalin ya yi miki?"

Na kawar da kai ina kallon waken. Sai ta tsuguna ta ba ni baya tana cire ciyawa, ta ce, "To kada ki gaya min. Gaya wa waken nan naki, ni ina aikina."

Na gaya wa waken. Duka. Da na kai wajen ƙuraje sai na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce take dannewa. Ta juyo tana share hawaye da bayan hannu.

Sai kuma ta nutsu. Ta ce, "Tsaya, kada mu yi saurin dariya. Akwai wata tsutsa da ke shiga saiwa ta kumbura ta, kuma wannan ciwo ne na gaske. Ban ga gonar ba. In ita ce, Babanki na da gaskiya. Gobe ki same ni tasha da sassafe."

Na ce, "Malama, Asabar ce fa, ranar hutunki."

Ta ce, "Ni kifi za ni saye Argungu. Ke rakiya za ki yi min."

Tasin da muka shiga ta ƙi cika da wuri. Da ta cika kuma ta tashi, sai ta riƙa tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. Ina ta duban rana tana hawa. Malama na gaba tana gardama da direba kan ko shinkafar Zauro ta fi ta Argungu daɗi, kamar babu abin da ke damun kowa a duniya. Sai can ta miƙo hannu baya, ba ta waiwayo ba, ta riƙe nawa.

Da muka isa gonar sun riga sun fara. Baba da Baffa Manu sun tuge kunyoyi da dama, sun tara waken tsibi guda. Malama ta tattare zani ta kutsa cikin laka da sallama. Taku kaɗan takalminta ɗaya ya maƙale, ta bar shi nan ta ci gaba da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Baba ya ga baƙuwa, ya gan ni a bayanta, ya kawar da kai gefe. Suka gaisa. Ta ce ita ce malamar ɗiyarsa, ta ji labarin waken ta zo dubiya, tunda an ce ba shi da lafiya.

Baffa Manu ya ce, "Malama kin makara, yau jana'iza mu kai."

Ta ɗauki ɗaya daga tsibin ta karkaɗe ƙasar, ta murza saiwar da yatsa. Na ga gudajin na faɗuwa ɗaya-ɗaya, saiwar kuma ta rage siririya lafiya lau. Ta taɓa gaya mana cewa kumburin tsutsa ba ya ɓallewa, don saiwar ce da kanta ta kumbura. Ta dube ni ta ɗaga gira.

Na jira ta yi bayani. Sai ta ce, "Malam, ni ban san komai ba kan gonag ga. Ɗalibata ce mai wake a makaranta. Ita za ta gaya maka."

Baba ya dubi sama. Ni na dubi ƙasa.

Ya ce, "Malama, ki hwaɗa wa ɗalibarki wanga ciwo na. Mun gane shi ga kihi."

Malama ta juyo gare ni da gaske, kamar daga wani gari aka aiko ta. "Balkisu, an ce in gaya miki ciwo ne."

Na ce da muryar da ni ma da ƙyar na ji, "Malama, ki ce wa Baba ba ciwo ba ne."

Ta juya. "Malam, an ce in gaya maka, da girmamawa ƙwarai, ba ciwo ba ne."

Ya ce, "A tambaye ta, in ba ciwo ba, mi a shi?"

"Balkisu, ana tambaya."

"Ki ce baƙi ne."

"Malam, wai baƙi ka yi."

Baffa Manu ya fashe da dariya har ya yar da fartanya. Ya ce, "Yaya, baƙi ka yi ba ka hwaɗa muna ba? Da mun zo da tabarma!"

Aka yi ta haka, tana kai magana tana kawowa tsakanin mutum biyu da ke tsaye kusa da juna. Wani lokaci ma ta ƙara nata gishirin. Na ce ƙananan halittu ne, ita ta ce wai na ce sun fi wasu ƙannen mutum amfani a gona. Baffa ya ce shi bai yarda da wannan tafinta ba.

Can sai ta dafe ƙugu ta ce, "Kai, na gaji. Ban taɓa ganin tafinta tsakanin masu yare ɗaya ba. Baffa, zo ka ciro min takalmina, ka kai ni in ga kifin da ya kawo ni."

Ta ja shi suka tafi. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Aka bar ni da Baba, da tsibin wake a tsakaninmu. Babu bangon da zai duba, babu wanda za a aika. Ya yi gyaran murya. Ya sunkuya ya ɗauki fartanya ya nufi kunya ta gaba.

Na san in ya sa hannu ya ci gaba, shi ke nan, jirgi zan shiga.

Na tsuguna na tuge ɗaya mai kore, na zaɓi guda mafi girma, na raba shi da akaifa kamar yadda aka nuna mana. Na tashi na je gabansa na miƙa masa a tafin hannu na ce, "Baba, duba cikinsa."

Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ce Baba, shi kuma yana gabana, maganar kuma tasa ce.

Ya dubi tafin hannuna. Sannan ya ajiye fartanya ya karɓa. Ya kai kusa da ido, ya juya shi wajen rana.

Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ja."

Na ce, "In ja ne yana da rai, aiki yake. Taki yake haɗa wa waken daga iska. In ka bar saiwar cikin ƙasa bayan girbi, har mai gona sai ya ji daɗin ƙasarsa baɗi."

Ya ƙara dubawa. Duk masunci in zai gane sabon kifi, kumatunsa yake ɗagawa ya leƙa ciki. In ja ne wur, yanzu aka fito da shi daga ruwa. In ya koɗe, ya kwana. Na ga lokacin da wannan tunani ya zo masa, domin fuskarsa ta sake.

Ya ce, "Kamar na kihi."

Na ce, "Kamar na kifi, Baba."

Bai dube ni ba, amma ya miƙo mini wata saiwa ya ce, "Ke. Tsaga min wanga."

Na tsaga. Ja. Ya kawo wata daga tsakiyar gona. Ja. Sai ya ce in biyo shi gefen da ya yi rawaya. Na can da na tsaga toka-toka ne, wasu har sun ruɓe. Na ce ban sani ba, sai dai Malama ta ce baƙin ba su son iska da yawa, amma kuma ba su rayuwa in babu ita sam.

Ya taka ƙasar wurin da ƙafa, ruwa ya tsattsafo. Ya dubi yadda gonar ta gangara. Ya ce, "Ruwa ad da kwana nan. Nutse su shi kai." Wato ruwa ne ke kwana a wurin yana nutsar da baƙin. Wannan kam fanninsa ne. Nan take ya fara sare wa ruwa hanya zuwa wani kwari, ni kuma ina kwashe ƙasar da hannu.

Haka Malama ta dawo ta same mu, ita da Baffa Manu da ƙullin kifi, takalminta ɗaya baƙi ƙirin ɗaya fari. Ta tsaya daga nesa ta ce, "A'a, ina majinyacin?"

Baba ya ce, "Ya ji sauƙi, Malama."

Baffa ya dubi tsibin da suka tuge ya ce, "To waɗanga da munka kashe hwa?"

Malama ta ce, "Awaki sun gode."

Baba ya roƙe ta abu ɗaya kafin ta tafi, wai kada manoman unguwa su ji. Ta ce bakinta alaikum. Amma ya manta da Baffa Manu. Kafin La'asar labari ya zagaye unguwa, har Baba ya rasu wasu tsofaffi in sun gaishe shi sai sun ce, "Ina baƙi?" Shi kuma ya ce, "Suna gaishe ku, sun ce sun fi ku aiki."

Su Baffa sun tafi kudu. Mu ba mu tafi ba. Inna ta kwance tukwanenta, ni kuma ranar Litinin na koma ajina, na karɓi bokitina. Waken bai yi wani abin mamaki ba, ya dai yi daidai yadda Baba zai sake shukawa baɗi, ya haɗa noma da kamun kifi. Na gama sakandare, ƙannena mata ma suka biyo baya suka gama.

Kunyar 'yar fari ba ta tafi ba, kada ku ɗauka. Har ya bar duniya bai kira sunana ba. Amma daga ranar in na zo hutu yakan ce, "Ke, taho mu tai gona," mu tafi yana gaba ina baya, yana tambaya ina amsawa.

Kowace shekara kuma sai ya aika wa Malama da banda. Ita kuma ta aiko a ce masa ya ƙara, baƙi gare ta.

Rabona da ita bayan Sallar da ta wuce ne. Na je gaishe ta a gidan ɗanta a Gesse. Ta rame, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ta ce, "Wannan sallamar da sai an kasa kunne, ta Balkisu ce. Shigo."

Ta sa aka kawo mini abinci, ta hana ni tashi sai na cinye. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mini ƙorafin jikokinta, wai sun shuka mata wake a tsohon bokitin fenti don ta daina fita waje, su kuma ba su san a huda ƙasan bokiti ba. Muka yi dariya har tari ya kama ta.

Na daɗe ina so in yi mata godiya yadda ya kamata. Ranar na tattara ƙarfina na ce, "Malama, ba don ke ba da yanzu ina can bakin ruwa."

Ta ɗaga hannu ta tare ni. Ta ce, "Ni me na yi? Kifi na tai saye. Ke kika yi magana."

Na ce ai ita ta tafi ta bar ni.

Ta ce, "Kin san ban je wajen kifin ba sai da na ga kin yi magana? Bayan wata bishiya na laɓe, na riƙe rigar Baffanki kada ya koma. Cinnaka na cizona ina addu'a. Da kin yi shiru da na fito. Amma na so ki fara gwadawa."

Da zan tafi ta ce in dawo da kaka in kawo mata sabon wake. Na ce in sha Allah.

Kaka ba ta riske ta ba.

Luba ta ce bayan Azahar za a yi mata sallah a kai ta makwanci. Yanzu zan sa mayafi in tafi gidan, in zauna da mata.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Duk yarinyar da ta koyar, da 'ya'yan da yarinyar ta koyar, ka sa ladan ya riƙa isa gare ta ba yankewa. Ka haɗa ta da Babana da iyayenmu duka a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalanta haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ina roƙonka don Allah ka tsaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ce Allah ya ji ƙan Malama Kulu. 'Yan ajinmu kuma, ku isar wa waɗanda ba su ji ba.

Amin ya Rabbi.